Tarihin Tsohuwar Tashar Greyhound ta Birnin Washington

Wanda duk ya bi titin New York cikin birnin Washington zai ga wani gajeren gini mai zagayayyun kusurwoyi a gindin dogon benen ofisoshi. Abin da ya saura ke nan na tashar manyan motocin safa ta kamfanin Greyhound, wadda aka buɗe cikin 1940. William Arrasmith ne ya zana ta, ya kuwa yi mata sumul kamar jikin motocin da za su riƙa tsayawa cikinta, don haka a ke yayi a zamanin.

Amma fa ba kyanta ne ya sa ta shiga tarihi ba. Cikin Disamba 1960 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ba dama a ware baƙaƙen fata daga Turawa a tashoshin matafiya masu ƙetare jihohi. Jihohin Kudu suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Sai mutum 13, baƙaƙe 7 da Turawa 6, suka ƙulla niyyar gwada shi da jikinsu, James Farmer na jagora, John Lewis kuma na cikinsu. Ran 4 ga Mayu 1961 waɗansu suka hau mota a wannan tasha, sauran suka shiga ta kamfanin Trailways, nufinsu su kai New Orleans suna zama inda suka ga dama. Ran 14 ga watan, kusa da Anniston ta jihar Alabama, 'yan ta'adda suka tare motar Greyhound suka cinna mata wuta, na ciki suka fita da ƙyar. Waɗansu matasa suka ɗora daga inda aka tsaya, aka yi ta kama su ana ɗaurewa a Mississippi, har gwamnati ta ga ba makawa. Daga 1 ga Nuwamba 1961 aka wajabta sauke allunan wariya daga tashoshi.

Sa'an nan jirgin sama da motar gida suka janye masu hali, tasha ta koma ta talaka, ba wanda ya kula da ita. Cikin 1976 aka lulluɓe fuskarta da wani rufi marar fasali, cikin 1987 kuma kamfanin ya ƙaura. Saura kaɗan a rushe ta, masu kishin tsofaffin gine-gine suka tsaya kai da fata. Aka daidaita a kan a bar gabanta, a yaye rufin, a gina bene a bayanta. An gama 1991, yanzu ta nan ma'aikata ke shiga ofis.