Yadda Aka Koma Gyara Aljihun Maƙogwaro Ta Baki

Akwai wata lalura da ta fi kama dattawa, inda wani ɗan aljihu ke fitowa a bayan maƙogwaro, daidai mashigar bututun abinci. Tsokar da ke wurin ce ba ta saki lokacin haɗiya, sai matsi ya bulluƙo da bangon. Abinci ya riƙa taruwa a ciki, ya dawo baki bayan awanni, ga warin baki, ga tari, ga rama. Wani lokacin har ya sarƙe ya faɗa huhu.

Likita Ludlow na Ingila ne ya fara bayaninta a 1769, amma sunan Zenker na Jamus take ɗauke da shi, saboda rubutunsa na 1877. A da sai an tsaga wuya ta waje a cire aljihun, aiki mai nauyi ga tsoho.

A 1917 Mosher na Amurka ya kawo dabara: a shiga ta baki da miƙaƙƙen bututu, a yanke katangar da ke tsakanin aljihun da hanyar abinci, su zama ɗaya. Dabarar daidai ce, kayan aikin ne ba su kai ba. Ƙwayoyin cuta suka bi yankan suka shiga ƙirjin wani majinyaci ya rasu, sai ya daina.

A 1960 Dohlman na Suwidin ya nuna nasarar yanka da zafin lantarki. Bayan 1980 aka shigo da hasken leza. A 1993 Collard na Beljiyam ya yi amfani da na'ura mai kama da abin maƙale takardu, tana yankawa tana ɗinkewa lokaci guda. Ka ga an toshe ƙofar da ta kayar da Mosher.

Sai dai fa miƙaƙƙen bututu yana buƙatar a tanƙwara wuya baya sosai, ba kowane tsoho zai iya ba. A 1995 likitoci a Burazil da Holan suka yi aikin da bututu mai lanƙwasa mai kyamara. Wajen 2016 kuma a ƙasar Sin aka fara bi ta ƙarƙashin fatar ciki, a yanke tsokar, a rufe da 'yan maƙalai.

Aiki ta baki ana saurin sallama, amma matsalar kan dawo wa wasu. Idan kana da dattijon da haɗiya ke wa wuya, kar ka ce tsufa ne kawai. Ka kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, domin ciwon daji ma da haka yakan fara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.