Yadda ake auna ƙwazon ƙananan hukumomin Birtaniya kan sauyin yanayi

A watan Nuwamban 2018 majalisar birnin Bristol ta zama ta farko a Birtaniya da ta ayyana sauyin yanayi a matsayin lamarin gaggawa. Cikin 'yan shekaru, majalisun ƙananan hukumomi fiye da 300 suka bi sahunta, da yawansu kuma suka sha alwashin kawar da hayaƙin da ke ɗumama duniya kafin 2030, wato shekara 20 gabanin wa'adin 2050 da dokar ƙasar ta tanada. Sai dai alwashi daban ne, cikawa daban. Wannan giɓi ne ya haifar da tsarin auna ƙwazon majalisun.

Dalilin sa musu ido shi ne, ko da yake hayaƙin da majalisun ke fitarwa da kansu bai taka kara ya karya ba, kwamitin da ke bai wa gwamnatin Birtaniya shawara kan sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2020 cewa suna da tasiri kan kusan kashi ɗaya bisa uku na hayaƙin yankunansu. Su ne ke ba da izinin gine-gine, suke kula da gidajen haya na hukuma, da ƙananan hanyoyi, da kwashe shara.

Ƙungiyar Climate Emergency UK, mai zaman kanta, ita ce ke gudanar da awon tare da haɗin gwiwar ƙungiyar mySociety. Sakamakon farko da ta fitar a Janairun 2022 ya duba tsare-tsaren da majalisun suka rubuta ne kawai. A Oktoban 2023 kuwa ta koma auna aikin da aka yi a aikace, ta sake yin hakan a 2025.

Awon ya kasu kashi bakwai: gine-gine da ɗumama su, sufuri, tsara gari da amfani da ƙasa, shugabanci da kuɗi, kare tsirrai da dabbobi, haɗin gwiwa da jama'a, sai rage shara da sha'anin abinci. Ana tattara hujjoji daga takardun da majalisun suka wallafa, da alƙaluman gwamnati, da kuma tambayoyin da ake aika musu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai. 'Yan sa-kai da aka horar ne ke ba da makin farko, sannan a bai wa kowace majalisa damar kare kanta kafin a tantance a wallafa. Ana kwatanta kowace majalisa da takwarorinta ne, domin ikon majalisar gunduma ba ɗaya yake da na majalisar babban birni ba.

Sakamakon 2023 bai yi wa majalisun daɗi ba. Matsakaicin makin ya tsaya a kashi 32 cikin 100, kuma majalisu 41 ne kacal suka samu rabin maki ko fiye.

Tsarin na da masu suka. Wasu majalisu na ƙorafin cewa ana auna su da abin da ba ya hannunsu, alhali tallafin da suke samu daga gwamnatin tsakiya ya ragu sosai tun daga 2010. Haka kuma majalisar da ta yi aiki ba ta wallafa shi ba na iya rasa maki. Masu shirya awon su ma sun jima suna kira da a ɗora wa majalisun wannan nauyi a dokance, a kuma ba su kuɗin sauke shi.

A Nijeriya, irin wannan awo ya soma ne daga matakin jihohi. A 2024 aka fitar da jerin da ya kwatanta jihohi 36 kan tafiyar da sha'anin sauyin yanayi, inda Legas ta zo ta ɗaya, Gombe ta biyu. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya tabbatar wa ƙananan hukumomi 774 ikon sarrafa kuɗinsu, tambayar abin da suke yi kan magudanan ruwa, shara da dashen itatuwa ta ƙara nauyi, kuma ba za a iya amsa ta ba sai sun fara wallafa bayanan ayyukansu.