Tadarishi da Gafaka: Tarihin Haɗa Littafi a Ƙasar Muniyo

Gidigir gari ne na kasuwa a kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Gure, cikin ƙasar kwaruruka masu kanwa da gishiri, inda Mangawa da Hausawa suka daɗe suna cuɗanya. A da, wannan yanki na Muniyo a ƙarƙashin inuwar Barno yake, ta wajen sarauta da ta wajen karatu. Heinrich Barth ya ratsa ta Gure a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Abin da wannan maƙala ke nufin nunawa shi ne, littafin da malaman wannan ƙasa suka gada daga Barno ba ɗinkakke ba ne, kuma ba rashin sanin ɗinki ya kawo haka ba.

Kalmomin sana'ar su ne shaida ta farko. A cikin 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomin karatu da rubutu sun shigo Hausa ta bakin Barebari ne. Takarda kuwa da tawada suna ɗauke da ɗafa-goshin ta-, irin na harsunan Abzinawa da danginsu, watau sun biyo ayarin Sahara. Haka ita kanta takardar. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga Italiya ake yo ta, musamman ta gidan Galvani na Pordenone mai alamar jinjirin wata uku. Ana sauke ta a Tarabulus, raƙuma su kawo ta Kukawa ta Murzuk da Bilma, ko kuwa Damagaram da Kano ta Gat da Agadas.

A Masar da Magrib, inda wannan takarda ta ratso, ɗinka littafi ake yi. Ana ninka takardu huɗu ko biyar a tsakiya, ɗaya cikin ɗaya, a huda ninkin, a zura zare, a sarƙafa kowane ƙunshi da na bayansa har su zama abu guda. Sa'an nan a manna ƙyalle a gadon bayan, a sa bangon fata mai leɓe wanda ke naɗowa ya rufe bakin takardun kamar murfin ambulan. Larabawa na kiran wannan leɓe lisan, watau harshe. Alhazai da fatake sun ga irin waɗannan littattafai, sun kuma shigo da su. Duk da haka Barno ta ɗauki leɓen, ta bar zaren.

Ga yadda aikin yake. Marubuci yakan yanka takardarsa falle-falle, ya rubuta kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan bayan wanda ya gama, domin in sun watse a iya jera su. Wannan kalma ita ce ke yin aikin zare da na lambar shafi gaba ɗaya. In an kammala, sai a danne takardun tsakanin allunan kwali ko na ƙirgi guda biyu, a naɗe su cikin tadarishi, wato bangon fata mai leɓe da doguwar igiya, wadda sau da yawa akan ɗaura wa wuri a ƙarshenta. Daga nan sai gafaka, jakar fata mai murfi da maratayi, wadda ke kare littafin daga ƙura da damshi da gara. To, a nan ɗinkin yake. Basilla ba ta taɓa takarda, fata take huda.

Saboda haka mai haɗa littafi a ƙasar nan baduku ne, kuma koyon aikin koyon dukanci ne, wanda galibi gado ne. Yaro yakan fara da aike da kallo, ya koyi sanin fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi. Sa'an nan a ba shi yankan siraran zaren fata, sa'an nan ɗinkin laya da kube, kafin a yarda masa ya auna littafi ya yanka masa sutura. Abin lura ne cewa ninkin laya, inda ake naɗe rubutu a rufe shi da fata a ɗinke gefe, shi ne darasin farko na wannan fanni.

Dalilin barin takardu a sake yana cikin tsarin karatun. Malami mai littafi ɗaya da almajirai goma yana iya raba musu fallaye, kowa ya kwafi nasa a allo. Wurin saukar Alƙur'ani ana rarraba wa jama'a, a sauke shi a zama guda. Falle kuma yana kwanciya shimfiɗe a cinya, mai sharhi ya juya shi yadda ya so, ya cika gefensa. Tsofaffin Alƙur'anan Barno da A. D. H. Bivar ya bayyana wa masana, ciki har da mai tarihin 1669, gefensu cike yake da fassarar tsohon Kanembu. Ba ƙaramar sana'a ba ce: Dixon Denham, wanda ya zauna Kukawa a shekarun 1820, ya ba da labarin cewa ana kai Alƙur'anan Barno arewacin Afirka a sayar da tsada. Amma tsarin yana da aibinsa. Falle na farko da na ƙarshe su ke fara ɓata, kuma a nan ne sunan marubuci da shekara suke zama. Duk wanda ya yi aiki da rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai ya san wannan asara.

Ɗinkakken littafi ya yawaita ne tare da ɗab'i. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya mutu. Sai bugun Alƙahira ya shigo, sa'an nan littattafan kamfanin Gaskiya na Zariya daga 1945. Ko da haka, da masu ɗab'i na Kano suka fara buga Alƙur'anin hannu, irin na Sharif Bala, falle-falle suka fitar da shi, don haka masu saye suke so.

A Nijar an kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa don wannan aiki da ƙarfen maƙala takarda aka haɗa yawancinsu. Ƙarfen kan yi tsatsa da damina, ya ci ninkin, fallen tsakiya ya fita, ga shi babu kalmar jeri, babu tadarishi. A ganinmu wannan ya rasa amfanin hanyoyin biyu duka. Littafin koyon karatu mai shafi talatin da biyu takarda takwas ne a ninke, huda uku da zare ɗaya sun riƙe shi, kuma malamin aji na iya koya wa ɗalibansa manya wannan a yini guda. Darussan da ake rabawa mako-mako kuwa gara a bar su a sake, a sa musu lamba, a ba dukawan kasuwa irin ta Gidigir aikin yanka musu bango mai leɓe. Masu tsara ƙamus na makarantu su ma ya kamata su shigar da tadarishi da gafaka da basilla da ma'anoninsu na sana'a, kafin su ƙirƙiro wa bango da ambulan sababbin sunaye.