Ƙa'idar rubuta adireshin intanet mai ɗauke da bayanai

Adireshin intanet kan ɗauki ƙarin bayanai zuwa ga kwamfutar da ke riƙe da shafi. Wannan ɓangare yana farawa ne bayan alamar tambaya, inda ake jera kowane suna da abin da ya ƙunsa, a raba su da alamar &, misali ?gari=Kano&shekara=2024.

Sai dai a harshen HTML alamar & tana da wani aiki dabam, domin da ita ake buɗe sunayen haruffa na musamman, kamar &copy; da ke fitar da ©. Saboda haka ƙa'idar HTML 4.01 ta shekarar 1999 ta tanadi a rubuta ta &amp; a cikin mahaɗi. Manhajar buɗe shafi ce ke mayar da ita & kafin ta aika buƙata.

Ƙa'idar RFC 3986 ta shekarar 2005 kuma ta taƙaita haruffan da adireshi ke karɓa. Sauran ana sauya su da lambobi: tazara ta zama %20, ƙ ta zama %C6%99, ɗ kuma %C9%97. Idan & tana cikin bayanin kansa, %26 ake rubutawa, in ba haka ba bayanin zai yanke a wurin, ya isa a guntule.