Ruwan Sama Mai Launin Shuɗi da Ɗan Ja a Ciki

Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutaccen shirin nan kamar kullum.

Makon jiya wasu ƙannena a nan Dutsen Abba suka same ni da wata magana. Su huɗu ne, suna kiɗan jita da ganga irin na rok, sun yi waƙarsu ta farko, yanzu bidiyo suke son ɗauka. Suka nuna min tsarin da suka rubuta: hayar mota baƙa, rigunan fata, hayaƙi, da ɗakin otal. Na tambaye su kuɗin fa? Sai ɗayansu ya ce zai sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi. Nan gabana ya faɗi. Na ce ku zauna in ba ku wani tarihi tukuna.

Akwai wani makaɗin jita ɗan Nijar, Ba'abzine, ana kiransa Mdou Moctar. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya shigo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da irin na'urar murɗa murya da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin ba ta gidan rediyo suka yaɗu ba. Daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta bulutut, har suka ratsa Sahara.

A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su. Ya saka waƙarsa Tahoultine cikin wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutane, sannan ya nemo shi. Daga baya suka yanke shawarar yin fim a Agadas, su kwaikwayi Purple Rain, fim ɗin da mawaƙin Amurka Prince ya yi a 1984.

To a nan darasin yake. Da suka zo fassara sunan, sai aka ce harshen Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya. Ba su aro ta Turanci ba. Suka sa masa Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Fim ɗin ya fito a 2015.

Ku duba abin da suka ɗauka da abin da suka bari. Prince yana hawan babur, Mdou ma yana hawa, amma a lungunan Agadas, cikin ƙura, tsakanin gidajen ƙasa. Launin shunayya yana nan, sai dai ya koma jikin rawani da babbar riga. Sumbata da tsiraicin da ke cikin na Amurka duk sun cire, domin 'yan wasan a garin za su ci gaba da zama bayan an kashe kyamara. Rikicin gida kuma ya zama na uban da ke ganin jita hanyar lalacewa ce. Wane matashi ne a Zariya bai san wannan labarin ba?

Yau Mdou Moctar yana zagaya Turai da Amurka. Kundinsa Afrique Victime ya fito a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, sai Funeral for Justice a 2024. Har yanzu da rawaninsa yake hawa dandamali.

Kuma kada ku ɗauka sai an je Agadas ake samun wannan tunanin. A garin nan namu aka taɓa yin irinsa. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, salon Turai ake koya musu. Su kuwa suka ce za su karɓi dabarar, amma siffofin daga gida za su fito. Har yau 'yan tawayen Zariya ake ce musu.

Da na gama, sai muka ɗauko takarda muka sake tsarin daga farko. Tambaya uku muka yi. Me waƙar take faɗa? Kan matashin da ya gama makaranta ba aiki take. To me ya haɗa shi da otal? Na biyu, wane launi ne zai riƙe bidiyon? Muka zaɓi jar ƙasarmu da shuɗin baba. Na uku, wane lokaci? Bayan la'asar, sa'ar da rana ta yi laushi, ba sai an yi hayar fitila ba. Muka zana hoto goma sha biyu a takarda, kowanne da wurinsa: gindin dutsen Kufena, bakin kasuwa, da wani tsohon zaure mai zane a bango, idan maigidan ya amince. Muka kuma yi alkawarin ba za a ɗauki fuskar kowa ba sai da izininsa.

Babur ɗin nan kuwa ba a sayar ba. Shi ne ma zai buɗe bidiyon, mai shi yana kai, jita a goye a baya.

Ban ce kowa ya zama makaɗi ba, na san da yawa cikinmu suna da ra'ayinsu kan kiɗa, kuma ina girmama shi. Amma ko ɗinki kake, ko zane, ko ɗaukar hoto, kafin ka ci bashi don ka yi kama da wani, fara duba abin da ke ƙofar gidanku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wane wuri ne a unguwarku kuke ganin ya cancanci kyamara amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa? Ku faɗa min, zan karanto wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu, in Allah Ya kai mu.