Linux: babbar manhajar da masu sha'awa ke kwancewa su sake ɗaurawa

Linux suna ne na wata babbar manhaja, irin wadda kwamfuta ba ta tashi sai da ita. Aikinta ɗaya ne da na Windows ko macOS: ita ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da ake aiki da su, tana karɓar abin da aka buga, tana ajiye shi, tana nuna shi a allo. Inda ta bambanta shi ne rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake. Kowa yana da izinin karanta shi, ya canza abin da bai yi masa ba, ya kuma ba wani, ba tare da ya sayi lasisi ba. Shi ne abin da ake kira logiciel libre da Faransanci. Wannan izinin ne ya haifi wata sha'awa da ta yaɗu a duniya: mutanen da ke zama da dare suna kwance tsarin kwamfutarsu suna sake ɗaurawa, kamar yadda wani ke yi wa tsohon babur ɗinsa ko da lafiyarsa ƙalau.

Asalinsa

Shi kansa Linux da wasa ya fara. Ranar 25 ga Agusta 1991, Linus Torvalds, ɗalibi mai shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya sanar cewa yana rubuta wata manhaja don jin daɗin kansa, kuma ba ya zaton za ta zama wani babban abu. Abin da ya rubuta shi ne zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfe kai tsaye. Sauran kayan aikin sun riga sun samu daga shirin GNU, wanda Ba'amurke Richard Stallman ya sanar a 1983. A 1992 Torvalds ya sa aikinsa ƙarƙashin lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya canza manhajar ya rarraba ta, wajibi ne ya bar nasa gyaran a buɗe. Yau wayoyin Android da ke aljihun mutane a kan zuciyar Linux suke aiki, haka nan tun ƙarshen 2017 dukan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya.

Nau'o'insa

Babu Linux guda ɗaya da ake zuwa a ɗauko. Hatsi ɗaya ne, amma wani ya yi fura, wani tuwo, wani kunu. Debian ya fito a 1993, kuma har yanzu ƴan sa-kai ke kula da shi. A kansa aka gina Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004. A kan Ubuntu kuma Bafaranshe Clément Lefèbvre ya gina Linux Mint a 2006, wanda ya fi sauƙi ga mai fitowa daga Windows. Akwai Emmabuntüs, da wasu ƴan sa-kai a Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da aka bayar kyauta. Waɗanda suka yi nisa suna komawa Arch ko Gentoo, inda babu abin da aka shirya wa mutum, sai abin da ya haɗa da hannunsa. Wasu kuwa suna sauya nau'i duk mako biyu, kwamfutar ba ta taɓa zama wuri ɗaya har ta yi aiki ba. Wannan ya fi kama da cuta fiye da sha'awa.

Abin da ake taɓawa

Galibi ana farawa da ado: launi, fasalin tebur, wurin da agogo zai zauna. Daga nan sai a shiga baƙin allo, inda ake rubuta umarni da haruffa maimakon danna hotuna. A nan ne ainihin koyon yake, domin a Linux kusan kowane saiti yana cikin wani ɗan rubutu da za a iya buɗewa a gyara.

Haruffan Hausa misali ne mai kyau. Yawancin kwamfutocin da ke Nijar madannansu na Faransanci ne, AZERTY, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kansu. Linux yana zuwa da tsarin madannan Hausa na Najeriya da na Gana, amma a kan jerin Ingilishi aka gina su, hannun da ya saba da AZERTY zai yi ta kuskure. Mai taɓe-taɓe ba ya jiran kamfani: yana buɗe wani ƙaramin rubutu mai suna .XCompose ya ƙara layi huɗu ko takwas, ya ce idan an danna maɓalli kaza aka bi shi da k, a fitar da ƙ. Aikin rabin sa'a ne, kuma daga ranar "ƙasa" ba ta sake zama "kasa" ba.

Riba da haɗari

Maganar ta ƙara nauyi tun 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Windows 11 yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ake sayarwa a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ba su cika waɗannan sharuɗɗan ba. Irin wannan na'ura, idan aka sa mata nau'i marar nauyi kamar Lubuntu ko Mint mai tebur ɗin Xfce, za ta ci gaba da samun gyaran tsaro. Ubuntu na dogon zango yana fita a watan Afrilu duk shekara biyu, ana kula da shi shekara 5.

Sai dai kyautar ba ta kai ga komai ba. Sauke nau'i ɗaya yana cin giga 2 zuwa 6 na intanet, ban da sabuntawar da ke biyo baya. Word da Photoshop ba sa aiki a kansa kai tsaye. LibreOffice yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yana gocewa, abin da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu ya kamata ya sani tun kafin ya fara. Wasu injinan buga takarda da wasu katunan Wi-Fi sai an sha wahala kafin su amsa.

Babbar asara kuwa a wajen girkawa take faruwa. Akwai matakin da ake tambaya ko a share faifan ajiya baki ɗaya. Wanda ya amsa cikin gaggawa zai rasa hotuna da takardun shekaru. Haka nan umarnin da aka fara da kalmar sudo yana da cikakken iko, Linux kuwa ba ya yawan cewa "ka tabbata?". Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke kwafe kayansu a wani wuri tukuna, sannan su gwada tsarin daga ƴar ma'ajiyar USB, wanda ke tashi ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Idan Wi-Fi, sauti da madannai sun yi aiki a nan, sai a girka, da batir a cike, musamman lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa.