Asalin Keken Tirayatalon da Matsalar Mutuwar Yatsu

Gasar tirayatalon, wato tseren da ke haɗa ninƙaya da tuƙa keke da gudu a jere ba hutu, ta samu siffarta ta zamani a San Diyego ta Amurka a 1974, kuma sai a 1978 aka fara babbar gasar Ironman a Hawai. Mahayan farko kekunan tsere na yau da kullum suka hau, inda nauyin ƙirji ke sauka a kan tafin hannu, ya danne jijiyar da ke kaiwa ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi, har minjirya ta kama su.

A 1987 kamfanin Scott ya fitar da wasu ƙarafa biyu da ake ɗaurawa a kan keke, mahayi ya jingina gwiwar hannu a kan matashi ya sunkuya don rage bugun iska, kuma sun shahara bayan Greg LeMond ya lashe tseren keke na Faransa na 1989 da tazarar daƙiƙa 8 yana amfani da su. A 1989 ɗin ne kuma Dan Empfield ya ƙera keken da sirdinsa ya matso gaba don dacewa da wannan zama. Nauyi ya bar tafin hannu, amma birki ya yi nisa da yatsu, abin da ke razana sabon mahayi ya ƙanƙame ƙarfen har hannunsa ya sake mutuwa, shi ya sa masu horarwa ke fara koyarwa a titin da ba motoci, hannu ɗaya bayan ɗaya.